Tara da Tamanin, ko Tamanin da Tara

Kai Mujtaba, ajiye wayar nan tukuna. Na ji ka ɗazu kana ce wa 'yan'uwanka aikin tafinta ya mutu, wai yanzu mutum ya yi magana a bakin waya sai ta mayar masa da Turanci kafin ya haɗiye miyau. To madalla da waya. Ni tambayata ɗaya ce gare ku, ku da kuke cika mini rumfa kullum la'asar kuna koyon Turanci don ku samu aiki da ƙungiyoyin agaji: wa zai tashi ya faɗa mini shekarar haihuwarsa da bakin Bature, ba tare da ya tsaya yana kallon rufin kara ba? Kun ji ko? Babu wanda ya tashi. Gaisuwa kowa ya iya, amma da an zo kan shekara sai harshe ya harɗe. To a kan shekara guda ɗaya tak Hajja Hawwa, mai sayar da shayi a bakin kasuwar hatsi, ta kusa rasa ɗanta karo na biyu.

Kun san ta, wasunku ma tare kuka sauka Gadarif shekarar da yaƙi ya kore ku daga Khartum. Ta zo da 'ya'yanta mata biyu da butar shayi, ba ta zo da komai ba bayan wannan. Ɗanta Adamu ya daɗe da tafiya, ya bi hamada ya bi teku, har ya kai Ingila. Yakan kira su jefi-jefi a wayar ƙanwarsa. A hanyar gudu aka ƙwace wayar, lambarsa ta tafi da ita, kuma babu wanda ya haddace ta a cikinsu. Shi bai san suna raye ba, su ba su san ta inda za su kama shi ba.

Da aka buɗe ofishin neman dangin da suka ɓace a bayan kasuwa, ni aka kira in yi musu tafinta. Hajja Hawwa ta ba da sunansa, sunan ubansa, unguwarsu, da shekarar haihuwa: shekara ɗaya bayan babbar ambaliyar Khartum, wato alif ɗari tara da tamanin da tara. Aka daɗe ba labari, sannan wata Baturiya ta kira daga can Ingila. Ta ce lallai akwai wani Adamu Musa a wajensu, shi ma yana neman uwarsa Hawwa. Sai dai nasu an haife shi ne a "naintin nainti eit", wato casa'in da takwas. Tazarar ta yi yawa, kuma masu wannan suna sun fi a ƙirga. Ta ce ba za ta gaya masa komai ba sai ta tabbatar, don ta sha ganin an ce wa mutum ga uwarka, daga baya a ce a'a, kuskure ne.

Na juya wa Hajja maganar. Ta kama bakin mayafinta ta ce, "Malam Idrisu, ni fa na haife shi. Laka ba ta gama bushewa a unguwarmu ba na samu cikinsa. Don Allah kada ka bari su rufe maganar nan."

Na roƙi Baturiyar ta sake kiranmu bayan 'yan kwanaki. Ta yarda, amma a muryarta na ji cewa kiran na sallama ne. Kafin in gaya muku yadda aka ƙare, sai kun ji inda na samo kunnen da na saurari maganar da shi, don ba a waya na saye shi ba.

Aikina na farko a Simsim ne, a manyan gonakin dawa da riɗi, ina saurayi na gama 'yar makarantata. Ubana makiyayi ne da ya ajiye sanda ya kama fartanya, shi ya kai ni wajen Usta Bello ya ce, "Ga shi nan, ka koya masa yaren Nasara." Usta Bello, usta kuwa gwanin sana'a ke nan a bakin mutanen nan, tsoho ne gajere mai jar hula, wanda ya shekara da shekaru yana bin injiniyoyin Turawa masu kula da taraktoci. A nan ana ce musu khawaja. Ranar farko wani khawaja ya leƙa cikin injin wata tarakta, ya ɗago da baƙin mai a goshi ya tambayi shekarar da aka ƙera ta. Na buɗe baki da ƙarfina na fara jero masa dubu ɗaya, ɗari tara, da kaza da kaza, duk da Turanci kamar yadda ake ƙirga buhu. Mutumin ya tsaya yana jira in gama, har ya samu lokacin goge hannunsa.

Da muka koma inuwa Usta Bello ya ce, "Zauna, ɗan Fulani. Bahaushe idan zai faɗi shekara, ɗaukarta yake yi gaba ɗaya: alif ɗari tara da saba'in da biyar. Balarabe ma haka, sai dai shi yakan tura ƙaramar gaba, ya ce khamsa wa sab'in, biyar da saba'in. Bature kuwa fasa ta yake yi biyu kamar goro. Naintin, ɓari ɗaya. Sabinti faif, ɗaya ɓarin. Khalas, shi ke nan."

Na ce, "Usta, to ina dubun ta tafi?"

Ya ce, "Sun cinye ta. Mutanen nan ba su da lokacin dubu."

Daga ranar na shiga uku. Duk sanda muka shigo kasuwar Gadarif, lokacin kaka, manyan motoci jere maƙare da buhunan riɗi, sai ya nuna lambar mota da haɓarsa ya ce, "Fasa ta." In fasa. Ya nuna wata. In na yi jinkiri sai ya cire jar hular nan ya make mini kafaɗa da ita a gaban 'yan dako, su yi ta dariya suna cewa ga ɗan Usta yana karatun mota. A nan na koyi cewa idan sifili ya faɗo a tsakiya ba sa kiransa sifili, sai su ce "o", kamar mutumin da aka ba labarin mamaki: naintin o faif. A nan na koyi bambancin fiftin da fifti, sha biyar da hamsin, wanda duk wutsiyar "n" ɗin nan ce ke raba su. Usta yakan ce in ja ta har sai haƙorana sun fito. Ke Tasnim, kina dariya, jiya-jiyan nan kika mayar da kakarki 'yar shekara sha shida.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙamus guda mai yagaggen bango da muke ɗaure shi da igiyar buhu. Rediyo mai batir, wadda Usta ke kunnawa da asuba mu ji labaran Turanci, ba don labarin ba, don mu ji yadda suke tauna kalma. Ruwan zoɓo saboda maƙogwaro. Sai sanin wurin tsayuwa: kada ka shiga tsakanin mutum biyu, ka tsaya gefe ɗan baya kaɗan, su riƙa kallon juna su manta da kai. Babban kayan aikin dai kunne ne, kuma kunne ba ya wasuwa sai da shekaru. Wallahi ina kewar zamanin nan. Ƙanshin riɗi sabon yanka, ƙarar taraktoci da hantsi, Usta yana tafe gabana yana gunaguni da Turanci shi kaɗai.

Akwai wani aiki a Simsim da ban taɓa mantawa ba. Wani manomi, Alhaji Sale, taraktarsa ta tsaya ana gab da shuka. Makanikensa Usta Jibrin gwani ne na gaske, injin ko ya mutu sai ya tashe shi, kuma yana ji da 'yan kalmominsa na Turanci. Ya ce ba ya bukatar tafinta, da kansa zai yi magana da dillalin kayan gyara, wani Ba'indiye a bakin teku wanda ba ya jin Larabci sosai. Taraktar 'yar saba'in da shida ce. A kansa ya karanta ta da Larabci, sitta wa sab'in, shida da saba'in, bakinsa kuma ya bi jerin yadda ya zo, ya ce "sikisti sabin". Aka aiko da kayan 'yar sittin da bakwai. Kafin a mayar a kawo na daidai ruwa ya sauka, baƙar ƙasar nan tamu ta zama laka mai kama ƙafa, maƙwabta suka shuka, gonar Alhaji Sale ta cika da ciyawa. Usta Bello bai yi wa Jibrin dariya ba. Ya ce da ni, "Ka ga wannan? Ba jahilci ba ne. Yaranmu a gida Hausa suke yi, amma lissafi da Larabci suka koye shi. In hankali ya tashi, kai yana komawa Larabci, baki kuma yana Turanci. Ka riƙa sauraron wannan juyin duk inda ka je."

Muguwar shekara kuwa ita ce ta tamanin da huɗu. Ruwa ya ƙi, dawa ta bushe a tsaye, mutane suka yi ta kwararowa daga kan iyaka da daga yamma. Aikin injiniyoyi ya tsaya, aka koma aikin likitoci. Ni ina tsaye a cikin tanti daga safe har rana ta karkata, likita na tambayar uwa yaushe aka haifi wannan, yaushe wancan ya rasu. Matan nan ba su san alif kaza ba. Sai ta ce shekarar da fara ta ci riɗi, ko shekarar da kogin Rahad ya shiga gari, ko shekarar da mijina ya tafi Makka a ƙasa. Kowane ƙauye da nasa lissafin. Aikina shi ne in san wace fara, wane ruwa, in mayar da shi lamba, in fasa lambar biyu in miƙa wa likita. Waya za ta yi muku wannan? Idan kuma aka zo kan wanda ya rasu, amsar kusan kullum ɗaya ce: bana. Na faɗi "naintin eiti fo" har na tsane ta, har yau in na ji ta a rediyo sai in kashe rediyon. A cikin shekarar ne Usta Bello ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Hularsa tana wajena.

Amma aikin nan yana da ranakun dariya. Bayan an shiga shekara ta dubu biyu, Turawan da kansu suka rikice. Wata rana da damina ina raka wasu masu duba rijiyoyi zuwa Hawata, mota ta kafe a laka har gindi. Direba da mutanen ƙauye suna ta haƙa, su kuwa khawajoji uku suna zaune a kan buhu suna gardama a kan sunan shekarar da muke ciki. Na Ingila ya ce "tu sauzan an faif". Na Amurka ya ce a cire "an" ɗin nan, ba ta da aiki. Ta ukun, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce ita dai "tuwanti o faif" za ta ce, wanda bai so ba ya sha ruwa. Suka juyo suka ce in raba gardama. Ni! Na ce musu yarenku ne, ku sasanta, ni duk wadda kuka bari ita zan ɗauka. Amma a raina na ce, ya salam, ina ma Usta yana nan in gaya masa dubun da suka cinye sun amayo ta. Ba ta daɗe ba kuwa, da aka kai ta goma suka sake haɗiye ta, aka koma tuwanti ten, tuwanti ilabin, har zuwa wannan tuwanti tuwanti tiri da ta kawo ku nan. Ita kam kowa cikinku ya iya faɗinta ba gargada, na lura.

To mu koma kan Hajja Hawwa. Kwanakin jiran nan ba ta cin abinci sosai. In na wuce ta wurinta sai ta zuba mini shayi ba tare da na tambaya ba, kallona kawai take yi. Ranar da ta rage saura kwana ɗaya a kira, na zauna a kan bencinta na ce, "Hajja, Adamu ya yi makaranta?"

Ta ce, "Ya yi ta gwamnati kaɗan, sai ya koma garejin kawunsa."

"Turanci fa?"

"Wane Turanci, Malam? Sai dai abin da ya tsinta a hanya."

Na tashi na nufi gida. Ina tafe tsakanin buhunan dawa ina maimaita shekarar a bakina, da Hausa, da Turanci, sannan da Larabci. Tis'a wa tamanin. Tara da tamanin. Tara, takwas. Na tsaya cik a tsakiyar hanya har mai amalanke ya daka mini tsawa, "Ya zol, kai malam, matsa mana!" Nainti eit. Yaron ya fito daga teku, jiƙe, ga jami'i a gabansa yana tambaya da yaren da bai iya ba. Kansa ya karanta da Larabci, bakinsa ya bi jeri. Ya rage wa kansa shekara tara bai sani ba.

Ban gaya wa Hajja ba. In ban yi daidai ba fa? Zato ne kawai, kuma zato ba abin da za a ba uwa ba ne ta kwana da shi.

Washegari da hantsi Baturiyar ta kira. Ta fara da ba da haƙuri, irin farawar da in ka daɗe a aikin nan ka san inda za ta sauka. Na ce, "Madam, ki ba ni izini in yi magana da bakina, ba da bakin wannan baiwar Allah ba." Tafinta ba ya yin haka sai dole, ku riƙe wannan. Ta ce in faɗa. Na bayyana mata yadda Larabci ke sa ƙaramar lamba gaba, da yadda tamanin da tara ke zama casa'in da takwas a bakin mai tsoro. Ta ce shekarar nan shi ya faɗe ta da kansa, kuma ya maimaita ta sau da yawa tun zuwansa. In kuskure ne, me ya hana shi gyarawa duk tsawon lokacin nan?

Na ce, "Madam, mutumin da ya shigo ƙasarku ta ruwa, in ya canza kalma ɗaya a labarinsa, tsoro yake a ce maƙaryaci ne a koro shi. Ya gwammace ya zauna da shekarar da ba tasa ba. Kada ki tambaye shi da Turanci. Ki ce ya faɗa miki da yaren da ya koyi lissafi da shi, kuma ki kwantar masa da hankali."

Ta ce batun takardunsa ba a hannunta yake ba, ba za ta yi alkawarin komai ba, amma za ta tambaye shi. Hajja tana ta jan hannun rigata, "Me ta ce? Malam, me ta ce? Sun rufe?" Na ce ba su rufe ba, za su sake kira. Ta ce, "Kai dai kana ɓoye mini wani abu." Na ce ina ɓoyewa, ki yi haƙuri da ni.

Ba a jima da yawa ba, wata safiya ma'aikaciyar ofishin ta zo da gudu ta same mu a wurin shayi, ta ce ana nemanmu a waya yanzu-yanzu. Hajja ta tashi ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Muka shiga, aka ɗaga muryar wayar. Baturiyar ta ce ta tambaye shi kamar yadda na ce. Ya faɗi wasu kalmomi da ba ta gane ba. Yana kan ɗaya layin yanzu, bai san su wa ke saurare ba. Tana so in ji da kunnena in gaya mata abin da ya ce.

Sai muka ji ta yi masa magana a hankali, ta ce ya sake faɗa. Wata murya ta namiji ta ce, "Tis'a wa tamanin." Ya ja numfashi, sai ya ƙara da Hausa, kamar mai magana da kansa, "Bayan ambaliya. Haka Inna ke cewa."

Ban samu na buɗe baki ba. Hajja Hawwa ta wawuri wayar da hannu biyu ta ce, "Adamu?"

Ya ce, "Inna? Inna, kina da rai?"

Jama'a, na yi aikin nan tun gashina baƙi, na tsaya a wuraren da ba na son tunawa idona bai kawo ruwa ba. Ranar nan kam na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku. Baturiyar tana ta kira daga can, "Malam tafinta, me suke cewa? Shi ne? Me suke cewa?" Na share fuska na ce, "Madam, shi ne. Ba su ce komai ba tukuna, babu abin da zan juya miki."

Na bar su a ɗakin, na koma bakin kasuwa na sauke mata butar shayin da ta bari a kan wuta.